Rufi Ɗaya, Bagadi Biyu

A ƙasashenmu abin da ido ya saba gani shi ne masu ibada sun fi ƙarfin wurin ibada. Ranar Juma'a sahu yakan fita har bakin titi, ranar Lahadi kuma akan kafa rumfa a waje saboda ciki ya cika maƙil. A Yammacin Turai lamarin ya juya. Gine-ginen suna nan birjik, wasunsu sun shekara ɗari bakwai a tsaye, amma mutanen da za su zauna a ciki sun yi ƙaranci. A ƙidayar jama'a ta 2001, kusan kashi 72 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce su Kiristoci ne. A 2011 adadin ya sauka zuwa kashi 59, a 2021 ya koma 46, yayin da kashi 37 suka ce ba su da addini ko kaɗan. A Jamus, cikin shekarar 2022 kaɗai, mutane fiye da 520,000 suka cire sunansu daga ɗariƙar Katolika, wasu kimanin 380,000 kuma suka fice daga ta Furotesta. Ficewa a Jamus tana taɓa aljihu kai tsaye, domin gwamnati ce ke karɓar wa majami'u harajinsu, kashi 8 ko 9 cikin ɗari a kan harajin da mutum yake biya na abin da ya samu. Duk wanda ya fita, da kuɗinsa ya fita.

Tsohon gini ba ya tausayin mai shi. Rufi zai yi yoyo ko mutum goma ne a ciki, kuma in hunturu ya kama sai an ɗumama shi. Saboda haka majami'ar da ta rasa jama'a tana da hanyoyi kaɗan a gabanta. Ko a rufe ta, ko a sayar a mai da ita gidan kwana, gidan abinci ko shagon littattafai. Wasu Musulmi ne suka saya, kamar masallacin Al-Nur na birnin Hamburg da aka buɗe a 2018, wanda a da majami'ar mabiya Luta ce. Hanya ta ƙarshe ita ce wadda nake so mu tattauna a kanta: ɗariƙu biyu ko fiye, waɗanda kakanninsu suka kafirta juna har suka zub da jini, su haɗu a gini ɗaya, su raba lokaci, su raba kuɗin wuta da na gyara.

Tambayar da ke damuna ita ce: sulhun da rashi ya kawo, sulhu ne? Idan mutum biyu suka ƙi gaisawa muddin kowa yana da ƙarfi, sai da talauci ya durƙusar da su sannan suka zauna a tabarma ɗaya, za mu yaba musu ne, ko mu ce dole ce ƙanwar na ƙi? Tambayar ta wuce Kiristocin Turai. Ta shafi duk wanda yake da abin da ya yi imani da shi, yake kuma da maƙwabcin da bai yarda da shi ba.

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san cewa wannan zama ba yau aka fara shi ba. A 1517 Martin Luta ya tayar da muhawarar da ta raba Kiristocin Yamma gida biyu. Shekara bakwai kacal bayan haka, a 1524, babbar majami'ar birnin Bautzen da ke gabashin Jamus ta zama ta ɓangarorin biyu, kuma har yau haka take. Katolika suna gaba, mabiya Luta suna babban zauren, kowane ɓangare da bagadinsa, a tsakani kuma akwai shingen ƙarfe. Yawancin mutanen gari sun bi sabuwar koyarwa, malaman majami'ar sun tsaya a kan tsohuwar, babu wanda ya iya korar wani, sai aka rubuta yarjejeniya aka raba wuri da lokaci. Wannan zama ya ƙetare yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya lashe miliyoyin rayuka a ƙasashen Jamusawa, kuma rigimar Katolika da Furotesta na cikin manyan dalilansa.

A wasu wuraren sarki ne ya tilasta. A 1684 Sarki Luwi na 14 na Faransa ya ba da umarni cewa a yankin Alsas, duk ƙauyen Furotesta da aka samu gidaje bakwai na Katolika, to a ba su gaban majami'a su yi ibadarsu. Su Furotesta ba su ɗauki wannan a matsayin zumunci ba, ƙwace suka ɗauke shi. A birnin Heidelberg an gina katanga a tsakiyar majami'ar Ruhu Mai Tsarki a farkon ƙarni na 18. A 1719 mai mulkin ƙasar, wanda Bakatolike ne, ya sa aka rushe katangar don ya ba ɗariƙarsa ginin gaba ɗaya. Rigima ta tashi har sarakunan Furotesta na waje suka sa baki, aka tilasta masa ya janye, aka mai da katangar. Cikin fushi ya kwashe fadarsa ya koma Mannheim a 1720. Katangar nan ba ta faɗi ba sai a 1936. Duk wanda ya taɓa ganin ƴan uba sun ja danga a tsakiyar gidan gado, har rijiya ta faɗa ɓangare ɗaya, ya san irin wannan zama. Gida ɗaya ne, uba ɗaya ne, amma kowa yana ƙirga takun ɗan'uwansa.

Babu inda wannan hali ya fito fili kamar birnin Ƙudus. Majami'ar da Kiristoci suka yi imani a nan aka gicciye Almasihu aka kuma binne shi, ɗariƙu shida ne ke da haƙƙi a cikinta: Otodoks na Girka, Katolika, Armeniyawa, Kibɗawan Masar, Habashawa da Otodoks na Siriya. Sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkawa ne suka tsayar da rabon da umarnin da suka bayar a 1757, suka kuma jaddada shi a 1852. Ƙa'idar ita ce komai ya tsaya yadda yake. Wa zai share wace matakala, wa zai kunna wace fitila, wa zai wuce ta wace ƙofa da ƙarfe nawa, duk an san shi. Akwai wani tsani na katako da aka jingina a ƙarƙashin taga a saman ƙofar shiga. Hotunan da aka ɗauka tun ƙarni na 19 suna nuna shi a wurin, kuma yana nan har yau, domin ɗauke shi sai da yardar kowa. A 2002 wani rahibi Bakibɗe ya ja kujerarsa daga rana zuwa inuwa a saman rufin, Habashawa suka ce ya shigo musu iyaka, aka kaure da faɗa, mutum goma sha ɗaya suka ji rauni. Mabuɗin ƙofar kuwa yana hannun Musulmi tun ɗaruruwan shekaru. Gidan Juda ne ke ajiye shi, gidan Nusaiba ne ke buɗewa da rufewa, ana kuma danganta wannan tsari da zamanin Salahuddin.

Mai son dariya zai samu abin dariya a nan. Ni abu biyu nake gani. Na farko, rufi ɗaya ba ya haɗa zukata, in ba haka ba da shekara ɗari uku sun isa. Na biyu kuma, duk da dambe da harara, ba a rufe ginin ba, babu ɗariƙar da ta shafe sauran, ana buɗe ƙofa kullum da asuba. Ɗan ɗakin da aka gina a kan kabarin ya tsattsage har Turawan Ingila suka ɗaure shi da ƙarafa a 1947, ya zauna haka shekara saba'in saboda an kasa daidaitawa a kan wanda zai gyara. Amma daga ƙarshe, a 2016 zuwa 2017, manyan ɗariƙun uku suka haɗa kai aka gyara shi aka cire ƙarafan. Ƙa'idar da ta hana ɗauke tsani ita ce ta hana mai ƙarfi ya cinye marar ƙarfi. Dokar da ba ta da daɗi ta yi aikin da ƙauna ta kasa yi.

Zaman da ake yi yanzu ya bambanta da waɗannan ta fuska ɗaya: babu sarkin da ya tilasta. A 1969 majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka ta musamman da ta ba ɗariƙu damar ƙulla yarjejeniyar amfani da gini ɗaya. A sabon birnin Milton Keynes an buɗe majami'a a 1992 wadda tun daga harsashinta ta ɗariƙu biyar ce: Angilika, Baftis, Metodis, Katolika da haɗaɗɗiyar ɗariƙar Rifom. A wata sabuwar unguwa ta birnin Freiburg a Jamus an gina wata a 2004 mai zaure biyu, ɗaya na Katolika ɗaya na Furotesta, da bangaye masu motsi a tsakani. Kowa yana ibadarsa a nasa, ranar wani babban biki kuma a ture bangon, wuri ya zama ɗaya. Malaman addini ma sun share fage. Babban taron Katolika na 1962 zuwa 1965 ya sassauta yadda suke kallon sauran Kiristoci. A 1999 Katolika da mabiya Luta suka sa hannu a birnin Augsburg a kan takardar fahimtar juna game da mas'alar ceto, wadda ita ce tushen rigimar tun farko. A 2007 ɗariƙu goma sha ɗaya a Jamus suka amince da baftismar juna.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka bambanci ya ƙare. Bakatolike ya yi imani cewa gurasar da aka keɓe a lokacin ibada ta zama jikin Almasihu, saboda haka akan ajiye ta a wani akwati, a kunna fitila a gefensa, duk mai wucewa ya rusuna. Ɗan Baftis bai yarda da haka ba, a wurinsa tunawa ce kawai. Wani yana son mutum-mutumin Maryamu a gaba, wani yana ganin bango ya fi kyau babu komai. Angilika ta Ingila ta fara naɗa mata limamai a 1994, Katolika kuwa ba ta naɗawa. Ke nan a gini ɗaya, mace tana iya jagorantar ibada da ƙarfe tara, da ƙarfe goma sha ɗaya kuma wani limami ya tsaya a daidai inda ta tsaya, alhali ɗariƙarsa ba ta yarda da limancinta ba. Kuma har yanzu, a bisa ƙa'ida, Katolika da Furotesta ba sa cin jibin Ubangiji tare. Suna biyan kuɗin wuta tare, suna share dandamali ɗaya, amma in an zo kan abin da ya fi komai tsarki a wurinsu, kowa ya kama gabansa.

Masu sukar wannan zama suna da hujja biyu, kuma ban ga wadda za a yi wa riƙon sakainar kashi ba. Ta farko: sun ce ba haƙuri ne ya ƙaru ba, imani ne ya ragu. Mutanen da suka yi yaƙi a kan aƙida sun yi kuskure, amma aƙalla sun ɗauki abin da muhimmanci. Jikokinsu sun daina faɗa ne domin abin ya daina damunsu. Wanda bai damu da nama ba, ba a yaba masa don bai yi rigima a wajen rabo ba. A wannan fahimta, majami'ar haɗin gwiwa alama ce ta mutuwa, kamar shaguna biyu da kasuwa ta guje wa suka koma rumfa ɗaya kafin su rufe baki ɗaya.

Akwai gaskiya a ciki. Haƙuri da halin ko-in-kula sukan yi kama daga nesa, alhali ba dangin juna ba ne. Haƙuri yana buƙatar abin da za a haƙure wa. Idan abin da maƙwabcina yake yi bai sosa mini rai ba, ba haƙuri nake yi da shi ba, ban dai kula ba ne. Amma a duba su wane ne ke cikin waɗannan gine-gine. A ƙasar da zuwa coci ba ya ƙara wa mutum daraja, ba ya samar masa aiki, wani lokaci ma dariya yake jawo masa, wanda ya tashi ranar Lahadi cikin sanyi ya tafi, ba marar kula ba ne. Marasa kula suna gida suna barci. Waɗanda suka rage su ne waɗanda abin ya fi damu. Shaida kuwa ita ce ba su narkar da bambancinsu ba. Da sun daina kula da sun haɗa jibin sun huta. Sun riƙe abin da suka yi imani da shi, sun kuma bar wa na gefe nasa, a ɗaki ɗaya, mako bayan mako. Ɗan Baftis da yake wuce fitilar Katolika bai kashe ta ba, bai kuma rusuna mata ba, ya yi aikin da ya fi na mai faɗa wuya, ya kuma fi na marar kula wuya.

Hujja ta biyu ta fi nauyi. Sun ce to, a ce ma sun kula, ai dole ce ta sa su. Abin da aka yi bisa tilas ba shi da lada. Tarihi ma yana goyon bayansu. A Alsas an taɓa samun irin waɗannan majami'u fiye da ɗari, amma da kuɗi suka samu a ƙarni na 19, ƙauyuka da yawa suka gina ta biyu aka rabu, yau kimanin hamsin suka rage. A Dimashƙa, masana tarihi sun ruwaito cewa bayan Musulmi sun karɓi birnin, su da Kiristoci sun yi kusan shekara saba'in suna ibada a harabar wuri ɗaya, kowa da ɓangarensa. Da Musulmi suka yi yawa, daula ta yi ƙarfi, Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya karɓi wurin gaba ɗaya, a 706 aka fara ginin babban masallacin Banu Umayya. Abin da ake gani shi ne, ana raba wuri muddin babu mai iya cinyewa ko mai iya ginin nasa, da zarar hali ya samu sai zama ya watse.

Amsata a nan kashi biyu ce. Da farko, dole ba ta taɓa barin hanya ɗaya tak ba. Majami'ar da ta talauce tana iya sayar da gininta ga mai gidan giya maimakon ta buɗe wa abokiyar hamayyarta ƙofa, kuma an yi hakan ba sau ɗaya ba. Ɗan Adam yana iya zaɓar ya mutu shi kaɗai da girman kansa. Mun san ƴan uban da suka gwammace gidan gado ya rushe da dai su haɗa kuɗi su yi masa yaɓe. Saboda haka wanda rashi ya matsa, ya zaɓi ya ƙwanƙwasa ƙofar wanda ya saɓa da shi, ya yi zaɓi, kuma zaɓin nasa ne.

Na biyu, in muka ce duk halin kirkin da aka koya bisa larura ba shi da daraja, to kaɗan ne zai rage mana. Wa ya zaɓi ƴan'uwan da aka haife shi da su? Matan da ke gidan haya suna layi a famfo ɗaya ba ƙauna ce ta tara su ba. Kishiyoyi ba su nemi juna ba, rabon kwana da rabon girki doka ce da aka ɗora musu don kada gida ya kama da wuta. Amma sau nawa muka ga bayan shekara ashirin wadda aka shigo ana harara ita ce ke riƙe da ƴaƴan uwargida ranar da ta kwanta ciwo? Ba kullum ba, amma yana faruwa, kuma ba a wajen wa'azi aka koye shi ba. A wajen murhu aka koye shi, da tsintsiya, da jiran juna. Sau da yawa hannu ne ke fara aikin kirki, zuciya ta biyo baya. Shingen Bautzen a da ya fi tsayin mutum nesa, a shekarun 1950 aka rage shi ya koma kamar mita ɗaya, mai ƙofa a jiki. Shekara ɗari huɗu aka ɗauka kafin a kai nan. Tafiya ce ta hawainiya, amma da kowa ya gina tasa tun farko, babu shingen da za a rage, domin babu wanda zai ga fuskar wani.

Sai dai akwai wani abu mai ɗaci da wannan zama yake tonawa, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Idan yau zai yiwu a raba gini ba tare da kowa ya bar aƙidarsa ba, to jiya ma zai yiwu. Littafin bai canja ba, mas'alolin suna nan. Abin da ya canja shi ne yawan mabiya, da kuɗi, da kusanci da fada. Ashe ke nan wani kaso na abin da aka riƙa kira kishin addini, kishin mulki ne da ya sa rigar addini. Ban ce duka ba, domin akwai waɗanda suka ba da ransu bisa gaskiyar zuciyarsu. Amma da ƙarfi ya tafi, sai ga shi abubuwa da yawa da aka ce ba za su taɓa yiwuwa ba sun yiwu cikin zaman kwamiti ɗaya. Rashi bai ƙirƙiro haƙuri ba, ya dai cire abin da ya danne shi.

Wannan bai sa in ce kowane haɗin gini alheri ne ba. Akwai tambayar adalci. Wa ke samun ƙarfe goma na safiyar Lahadi, wa ake turawa ƙarfe uku na rana? A Landan da Amsterdam da Hamburg, majami'u da yawa na ƴan Gana da ƴan Najeriya da sauran baƙi suna haya ne a gine-ginen tsofaffin ɗariƙu. Da safe tsofaffi ƙalilan ne a ciki, da rana wuri ya cika da matasa da yara da ganguna. Kuɗin hayar baƙin yana taimakawa wajen gyaran rufi, amma mabuɗi da takardar mallaka suna hannun masu gida, kuma in maƙwabta suka yi ƙorafin ƙara, an san wanda za a ce ya rage murya. Wannan haya ce, kuma haya ba laifi ba ce, amma kada a kira ta ƴan'uwantaka sai ranar da ɗan hayar ya samu kujera a inda ake yanke shawara. Akwai kuma tsohuwar da aka rufe majami'ar da aka yi mata baftisma, aka ɗaura mata aure, aka yi jana'izar mijinta, aka ce ta koma ta waɗancan. A takardar lissafi an rage kashe kuɗi. A wurinta an rushe ɗakin da ta ajiye rayuwarta. Wanda ya ce mata gini ai dutse ne kawai, ya faɗi rabin gaskiya.

Wani lokaci ma girmamawa ita ce ka ƙi shiga. An ruwaito cewa da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya karɓi Ƙudus, lokacin salla ya riske shi a cikin wannan majami'a da muka ambata, babban limaminta ya ce ya yi sallarsa a ciki. Umar ya ƙi, ya fita waje ya yi, don gudun kada Musulmin baya su ce ai halifa ya yi salla a nan, su karɓe wurin. Masallacin da ke ɗauke da sunansa yana nan daura da majami'ar. A wannan labari mai ƙarfi ne ya ja da baya, ba don an tilasta shi ba, sai don ya san abin da ƙarfi yake yi in ya sa ƙafa a ɗakin marar ƙarfi. Idan aka ajiye shi kusa da umarnin Sarki Luwi a Alsas, za a ga cewa raba gini ko rashin raba shi ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne ko marar ƙarfi ya yarda da kansa, kuma ko haƙƙinsa zai tsira bayan an rufe ƙofa.

To, ina na tsaya? A ganina sulhun da rashi ya kawo sulhu ne, amma na matakin farko. Ya fi gaba nesa ba kusa ba, kuma yana iya girma ya zama abin da ya fi shi, kamar yadda shinge yake raguwa. Sai dai ba a san ingancinsa ba tukuna, domin ba a gwada shi da wadata ba. Ranar da ɗaya daga cikin ɗariƙun nan za ta sake cika da jama'a, kuɗi su shigo, ta iya gina tata ko ta sayi rabon abokiyar zamanta, ranar ce za a san ko an koyi wani abu. Haƙurin marar ƙarfi abin yabo ne, amma na mai ƙarfi shi ne abin mamaki, kuma shi ne duniya ta fi ƙarancinsa.

A nan ne labarin ya waiwayo mu. Mu muna zamanin cika ne. A garuruwanmu, daga Damagaram zuwa Kumasi, saɓani kaɗan ya isa a ja sabon harsashi. Masallatai biyu suna kallon juna a layi ɗaya, lasifika tana amsa wa lasifika, wannan ba ya bin wancan salla. Majami'a takan tsage gida biyu, kowane ɓangare ya kama shago ya kafa allo da sabon suna. Muna iya yin haka domin akwai jama'ar da za ta cika kowanne. Turawan nan ma sun taɓa zama haka, suna ganin ba ranar da kujerunsu za su zama wayam. Ban ce abin da ya same su zai same mu ba, tarihin kowa daban ne, kuma dalilan da suka nisanta mutanensu da addini suna da yawa. Amma masana da dama suna lissafa yaƙe-yaƙen ɗariƙu cikin abubuwan da suka fara sa masu tunani a Turai neman hanyar tafiyar da ƙasa ba tare da malaman addini ba. Yaran da suka tashi suna jin manya suna tsine wa juna da sunan Allah, wata rana sukan yi tambayar da manyan ba su shirya mata ba.

Ba ina kira a haɗa masallatai ko a narkar da ɗariƙu ba ne, kowa yana da haƙƙin ya yi ibada yadda ya fahimta, a inda ransa ya natsu. Abin da nake tambaya ƙarami ne. Wanda ke da rinjaye a unguwa, zai iya barin marar rinjaye ya samu fili, ya samu lokacinsa, ya samu a saurare shi, tun yanzu da babu abin da ya tilasta masa? Mutanen Bautzen da na Milton Keynes sun nuna cewa ana iya riƙe aƙida da hannu ɗaya a riƙe tsintsiyar share wuri ɗaya da ɗayan. Su sai da yaƙi da rashi suka koya musu, kuma kuɗin makarantar ya yi tsada ƙwarai. Mu an ba mu darasin kyauta, saura a ga ko za mu ɗauka tun wuraren ibadarmu suna cike.